Tunkiya ta yi ɓari, wa za a gaya wa?

Daminar 2007 ta zo wa Sudan da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jihohin Nil Abyad da Sinnar da Jazira suka cika suka batse, ruwa ya kwanta a ƙasar laka wata da watanni, sauro ya samu wurin zama. Wajen watan Oktoba asibitoci suka fara karɓar mutane masu zazzaɓi mai zafi, wasu har da zubar jini. Kafin abin ya lafa a farkon 2008, sama da mutum 700 aka ƙirga sun kamu, 230 suka riga mu gidan gaskiya. Cutar ita ce zazzaɓin Kwarin Rift, wadda Larabawan nan suke taƙaita sunanta su ce hummal wadi.

Wannan cuta ta dabbobi ce tun kafin ta zama ta mutane. Ƙwayarta tana iya zama cikin ƙwan wani irin sauro a busasshiyar ƙasa shekara da shekaru, sai ruwa mai yawa ya kwanta ƙwan ya ƙyanƙyashe. Sauron ya ciji tumaki da awaki da shanu da raƙuma, masu ciki su riƙa ɓari a jere, 'yan raguna su riƙa faɗuwa kamar ganye. Mutum kuwa galibi yana ɗaukarta ne ta jini da kayan ciki na dabba mai ciwo, wajen yanka ko fiɗa ko karɓar haihuwa. Ke nan kafin mutum na farko ya kwanta a gadon asibiti, dabbobi sun daɗe suna nuna alama a turke da garke. Amma a 2007 daga asibitin mutane kururuwa ta fara fitowa. Akwai waɗanda suka ga ɓarin tumakin nan da idanunsu, suka kwashe da hannunsu, suka jefar a bayan gari. Labarin bai kai inda ya kamata ba, kuma a ganina duk zancen tallafin kiwon lafiyar dabbobi a ƙasar nan a wannan giɓin yake tsaye.

Masu ba da tallafi yanzu suna da wani kirari da suke yi wa aikinsu, wai "lafiya ɗaya": lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a tukunya guda ake dafa su. A 2022 hukumomin duniya huɗu, ta abinci da noma, ta lafiya, ta lafiyar dabbobi da ta muhalli, suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare a kan haka. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin kimanin kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam daga dabba suke tasowa. Ba na ja da wannan. Inda nake da magana shi ne wa ake nufi idan aka ce "makiyayi", wa kuma ake tsallakewa.

Mu Hausawan Sudan ba a san mu da manyan garkuna ba. Shanu na Baggara ne da Fulani, raƙuma na Kababish da Shukriyya da Rashayda. Kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su, wasu kuma hijirar bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifi garin Mai Wurno a bakin kogin Nil Azrak. Suka zauna suka kama noma, da lambu a bakin kogi, da kamun kifi, da ƙwadago a gonakin auduga na Jazira da na dawa da riɗi a Gadarif. Saboda haka idan ƙungiya ta zo da motar allurar rigakafi, mashayar shanu take nufa, ko kasuwar dabbobi, ko zangon makiyaya. Unguwar Hausawa ba ta cikin taswirarta.

To amma a duba inda jinin dabba yake haɗuwa da hannun mutum. Wa ke tsaye a mayanka da asuba? Wa ke yanka tsoka siriri yana barbaɗa yaji yana jerawa a bakin wuta? Agashen da duk Sudan ke alfahari da shi, daga Khartum har Bur Sudan, tsiren Hausawa ne, har sunan ma namu ne. A cikin gida kuma akwai akuya biyu da tunkiya da kaji goma na uwargida, da ragon da take turkewa tun watanni kafin babbar salla, wanda shi ne bankinta, shi ne kuɗin makarantar yara, shi ne kayan ɗakin 'yarta. Ita ke tatsa, ita ke share turke, ita ke sa hannu ta jawo ɗan akuya idan haihuwa ta zo da gardama, ba safar hannu ba komai. Ga mai karo da jakinsa, wanda unguwa guda ke shan ruwa da ƙarfin bayan jakin nan. Waɗannan mutane ba sa shiga lissafin "dukiyar dabbobi ta ƙasa", wadda hukumomi ke ƙiyasta ta da fiye da kai miliyan 100, alhali ƙidayar dabbobi ta ƙarshe tun tsakiyar shekarun 1970 aka yi ta. Amma su ne layin farko da cuta ke tararwa.

Sai kuma abin da muke ci. Ba zan yi fuska biyu ba, ni ma na san daɗin marara, ɗanyar hanta da huhu da tumbi da aka yayyanka da albasa da barkono da lemon tsami ranar layya. Na kuma san yadda ake kallon wanda ya ce a tafasa nono kafin a sha, kamar ya raina ni'ima. Sai dai bakkale, ciwon nan da ke sa dabba ɓari, ta ɗanyen nono yake shiga mutum, ya zama zazzaɓin dare mai tafiya ya dawo, da gumi da ciwon gaɓoɓi. A ƙauyen da ba ɗakin gwaji, zazzaɓin cizon sauro za a ce, a ba da maganinsa, a sake bayarwa, mutum yana ta ramewa. Tambaya ɗaya da ma'aikacin asibiti ba ya yi, "dabbobinki sun yi ɓari bana?", ita ce za ta warware masa zaren.

Me ya sa labari ba ya tafiya? Ba jahilci ba ne, lissafi ne, kuma lissafin yana da kai. Mu fara daga sama. Sudan tana tura miliyoyin tumaki Saudiyya, galibi ta tashar Sawakin zuwa Jidda, musamman gab da aikin hajji. Ragunan Hamari da Kabbashi na Kordofan suna cikin abin da ke shigo wa ƙasar da kuɗin waje bayan zinariya. Ita kuwa Saudiyya ta taɓa ƙonewa. A shekarar 2000 zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓulla a yankin Jizan da maƙwabciyarta Yaman, karo na farko da aka gan shi a wajen Afirka, ya kashe sama da mutum 100 a Saudiyya kaɗai. Tun daga nan, da an ji ƙishin-ƙishin ɗinsa sai a rufe ƙofa. An rufe wa Sudan bayan ɓarkewar 2007, an sake rufewa a ƙarshen 2019 da cutar ta bayyana a jihohin Bahar Maliya da Nahar Nil. Jami'in da ya sa hannu a takardar da ke cewa "akwai cuta" ya san abin da sa hannunsa zai jawo wa 'yan kasuwa da baitulmali. Jinkiri yana da masu goyon baya da yawa.

A ƙasa ma haka. Matar da tumakinta uku suka yi ɓari a mako guda, idan ta aika aka gaya wa hukuma, me za ta samu? Babu diyya. Abin da zai iya biyowa shi ne a hana kai dabbobin garin kasuwa, maƙwabta su riƙa nuna gidanta. Don haka maigida zai yi abin da kowa ke yi: wadda ta nuna alamar ba za ta tashi ba, a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, a ci ko a sayar wa mahauci da araha. A wurin mai ita wannan ceton dukiya ne, kuma tsare halali ne. A wurin ƙwayar cuta kuwa, babu lokacin da ta fi so kamar wannan, domin a daidai lokacin ne jini ya fi cika da ita. Haka yake a ciwon saifa, wanda ke kashe saniya farat ɗaya jini na fita ta hanci. Wanda ya feɗe ta don kada a yi asarar fata yana iya kwasar ƙurji mai baƙin ido a hannu, ƙwayar kuma ta shiga ƙasa ta zauna shekaru gommai tana jiran damina.

Duk wanda zai kawo tallafi ya tsallake wannan lissafin, allura kawai zai ƙirga ya rubuta rahoto.

Akwai darasi da ƙasar nan da kanta ta bayar, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tsofaffin makiyaya sun san bushiya, annobar shanu da ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya a ƙarshen shekarun 1880, ta share garkuna daga Habasha har ƙasar Hausa cikin 'yan shekaru. Rigakafinta mai inganci ya samu tun wajen 1960 ta hannun wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright. Matsalarsa ɗaya, yana buƙatar sanyi daga ma'ajiya har zuwa wuyan saniya. Inda babu hanya, babu wuta, ga yaƙi, cutar ta samu maɓoya, kuma kudancin Sudan na lokacin yana cikin manyan maɓoyanta. Abu biyu suka karya ta. Na farko, an samar da nau'in rigakafin da ke jure zafi na makonni ba firji. Na biyu, wanda ya fi na farko wuyar karɓuwa a wurin masu digiri, daga 1993 shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a kudu ya fara horar da makiyaya su kansu, mutanen da jama'arsu suka zaɓa, wasu ko karatu ba su yi ba. Suka ɗauki allura a ƙafa suka bi shanu inda mota ba ta zuwa. Suka kuma riƙa kawo labari: ga inda maruƙa ke mutuwa, ga inda garke ya nufa. Ɓarkewa ta ƙarshe da aka tabbatar a Sudan a 1998 aka yi ta, kuma a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya, cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar bayan agana.

Abin da ake yawan ɗauka daga wannan tarihin shi ne "a horar da 'yan gari". An kuwa horar, ƙungiyoyi sun yi ta yi a Darfur da Kordofan da Nil Azrak da Kasala. Amma je ka nemi waɗanda aka horar bayan shekara uku da tashin ƙungiyar. Jakar tana nan, sirinji yana nan, magani babu. Dalili kuwa sau da yawa tallafin ne da kansa. Idan aka raba magani kyauta wata shida, ɗan kantin maganin dabbobi na kasuwar mako ya rufe ya koma sayar da sukari, ma'aikacin da aka horar kuma ba wanda zai biya shi, tunda an saba wa mutane da kyauta. Ƙungiya ta naɗe tabarmarta, gari ya koma ƙasa da inda aka same shi. Ƙa'idojin agajin dabbobi a lokacin bala'i da aka fara wallafawa a 2009 sun gane wannan, shi ya sa suka karkata ga ba mai dabba takardar kuɗi ya kai wa ma'aikacin garinsu ko kantin garinsu, maimakon a sauke katan-katan daga mota. Rigakafin annoba hakkin gwamnati ne, ya dace ya zama kyauta ko kusa da haka. Maganin tsutsar ciki da na kaska kuwa, sana'a ce da ya kamata wani ya ci abinci da ita.

A unguwanninmu akwai ƙarin ƙulli. Ma'aikaci namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, akuyoyin kuwa a cikin gida suke. Maigida zai fito zaure ya ce lafiya lau, domin shi bai san wadda ta daina cin dusa shekaranjiya ba. Inna ce ta sani, ita kuma ba a tambaye ta ba, wataƙila ma Larabcin jami'in bai zauna mata kamar Hausa ba. Horar da mata 'yan unguwa ba kwalliyar rahoto ba ce, ita ce kawai hanyar isa turken. Rigakafin annobar kaji da ake ɗigawa a ido, mai ɗan jure zafi, mace ɗaya da kwalba ɗaya za ta zaga gida talatin kafin azahar. Annobar tumaki da awaki mai sa gudawa da majina da gyambon baki, 'yar'uwar bushiya, wadda aka fara ganinta a Sudan a yankin Gadarif a 1971, duniya ta ɗaura niyyar kawar da ita nan da 2030. Allura ɗaya tana kare dabba shekaru. Amma akuya ba saniya ba ce, tana haihuwa da wuri, ana sayar da ita da wuri, garke yana sabuntuwa cikin 'yan shekaru. Idan aka bar na cikin gidaje, an bar wa cutar iri.

Kuma jerin sunayen masu cin gajiyar tallafi ta hannun masu sarautar gargajiya, umda da shehu da nazir, yake bi. Wanda ya tuna abin da ya faru a Nil Azrak a watan Yuli da Oktoba na 2022, rikicin da ya taso a kan neman sarautar gargajiya ga Hausawa da batun ƙasa, ya ci ɗaruruwan rayuka, ya raba dubbai da gidajensu, ya san ba kowace al'umma ce ke da kujera a wurin da ake rubuta jerin ba. Ƙungiyar da ba ta san wannan ba za ta yi rabo da zuciya ɗaya ta bar baya da ƙura.

Ɓangaren muhalli shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, ana ambatonsa ne don a cika uku. Alhali a nan cututtuka da yawa ke samun gindi. Noman tarakta da ya fara a yankin Gadarif tsakiyar shekarun 1940 ya yi ta cinye daji har burtalai suka tsuke. Rabuwar Sudan ta Kudu a 2011 ta sa makiyaya da yawa da ke cin rani a can suka dawo suka cunkushe a Sinnar da Nil Azrak da Nil Abyad, wasu suka matsa har gandun dajin Dindir. Dabbobi da yawa, wuri kaɗan, hafir ɗaya. Hafir shi ne tafkin da ake haƙawa don tara ruwan damina, kuma idan shingensa ya faɗi, saniya ta shiga har gwiwa ta sha ta yi kashi, yarinya ta zo da jarka ta ɗiba a gefenta. Gyara shinge da gina kwamin shayar da dabbobi a waje ba ya kama da aikin likita, amma yana hana gudawa fiye da katan ɗin magani. A magudanan Jazira kuwa, ruwa mai tafiyar hawainiya yana raya dodon koɗi iri-iri, wani ya ba yaro tsargiya, wani ya ba tunkiya ciwon hanta.

Sai nabit, ciwon nan da ke kumbura ƙafa yana fitar da baƙaƙen tsaba, har ya kai ga yankewa. Ƙauyukan Sinnar suna cikin inda ya fi yawa a duniya. Ƙwayarsa a ƙasa take, ƙaya ce ke shigar da ita, kuma masu bincike na cibiyar nazarin ciwon da ke Soba a Khartum sun daɗe suna nuna yatsa ga shingen ƙaya da kashin dabbobi da ke tare da mutane a tsakar gida, inda yara ke yawo ba takalmi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Wani ɓangare na maganinsa, in an duba, gini ne: a fitar da turke daga inda ake kwana.

Magungunan su ma suna da nasu sawun. Wanda ya tsira wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta yau ya kai nononta kasuwa gobe, ya shayar da mutane ragowar magani, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jurewa. Wanda ya wanke wa dabba kaska da maganin feshin gona a bakin kogi, ɗan'uwansa masunci ne zai ga kifi ya taso ciki sama. Har buzuzu da ke binne kashin shanu yana gyara ƙasa, maganin tsutsa idan ya yi yawa yana kashe shi. Ba wanda zai san waɗannan in ba a gaya masa ba, mai sayarwa a kasuwa kuwa kwalbar kawai ya sani da farashinta.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya zo ya taka abin da ya rage. Babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, inda ake haɗa yawancin rigakafi kafin yaƙin, a Soba yake, cikin Khartum da ta zama fagen daga. Garin Madani ya faɗa hannun RSF a Disamban 2023, Sinja a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe su daga baya. Mutane suka gudu da abin da suka iya korawa, dabbobin da ba su taɓa haɗuwa ba suka haɗu a Gadarif da Kasala, wuta ta ɗauke, firji ya mutu. Ƙasar da ta buɗe makarantar likitan dabbobi tun 1938, likitocinta da yawa yanzu suna gudun hijira ko sun tsallaka ƙetare. Hukumar abinci da noma ta duniya da ƙungiyar Red Cross suna gudanar da zagayen rigakafi inda aka samu hanya, kuma a halin da ake ciki akuyar da ta rayu ita ce nonon yaron da ba shi da wani abincin. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Maƙwabciyarmu Cadi ta gwada wata dabara da ta dace da irin wannan ƙarancin. Wajen shekarar 2000 masu bincike suka tarar shanun makiyaya sun fi 'ya'yansu samun rigakafi. Sai aka haɗa tafiya: mota ɗaya, akwatin sanyi ɗaya, likitan dabbobi da ma'aikaciyar jinya tare. Maza suka kawo shanu, mata suka kawo yara, kuɗin tafiya ya ragu. Babu abin da zai hana a yi haka a ƙauyukan bakin kogunan Rahad da Dindir, har a haɗa da karnuka, tunda kusan duk haukan kare da ke kashe mutane daga cizon kare yake, kuma yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura yana yanke shi.

Amma ko motar ta zo, sau ɗaya ko biyu take zuwa a shekara. Wanda ke nan kullum shi ne sarkin fawa da yaransa. Mahauci yana buɗe cikin dabba goma kafin rana ta fito, ya san lafiyayyar hanta da wadda ta canja launi tana rugurgujewa, ya san huhun da ya manne da haƙarƙari, ya san makon da dillalai suka fara kawo masa tumaki da arhar da ba ta da dalili. Bayanan da ɗakin gwaji ke kashe kuɗi yana nema, shi yana wanke su daga hannunsa kowace safiya. Abin da yake buƙata ba shi da yawa: safar hannu da takalmin roba, lambar wayar wani da zai ɗauka, akwatin ƙanƙara da za a sa samfuri a kai inda za a duba, da tabbacin cewa idan aka ce a binne naman da ya saya da kuɗinsa, za a mayar masa da wani abu. Na ƙarshen nan ne ba a cika gani a kasafin ƙungiyoyi ba, domin ba ya ɗaukuwa a hoto. Kuɗin tunkiya ashirin da za a biya diyya a kasuwar ƙauye ɗaya a watan Satumba bai kai kuɗin man motar da za ta kawo tawagar bincike daga Bur Sudan a watan Nuwamba ba.